In shiri ya maƙale a sabar haɗa manhaja, a bincike shi kafin a kashe shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da matasanmu masu rubuta manhaja, musamman waɗanda suka fara aiki da saba, wato kwamfutar da ke haɗa manhaja tana gwada ta da kanta, irin su Jenkins da GitHub Actions da GitLab. Kukan da ya fi yawa a bakinsu guda ne: "A kwamfutata lafiya lau yake tafiya, amma a saba ya ƙi." Wani lokaci shirin ya faɗi nan take, wani lokaci kuma ya tsaya cak, ba gaba ba baya. Abin da akasari ake yi shi ne a kashe aikin, a sake danna shi, a zauna jiran sa'a. Wannan ɗabi'a ita nake so a daina, domin duk wanda ya kashe shirin da ya maƙale kafin ya leƙa cikinsa, ya goge shaidar da zai kama laifin da ita.

Da farko a gane cewa saba ba kwamfutar mai rubuta manhaja ba ce. Babu mutum a gabanta da zai amsa tambaya, babu allon da za a ga saƙo, asusun da ke gudanar da aikin daban ne, kuma galibi ba a karanta fayil ɗin .bashrc inda mutum ya zuba saitunansa tun shekarun baya har ya manta da su. Shi ya sa node, shirin gudanar da JavaScript, da aka girka ta hanyar nvm mai kula da sigoginsa yakan ɓace a saba alhali yana nan. Kafin komai, a sa waɗannan umarni a farkon aikin: whoami da pwd da env da df -h. A gudanar da su a kwamfutar gida ma, a jera sakamakon biyu a kwatanta, amma a kula kada kalmomin sirri su fito a rahoton. Yawancin lokaci a nan ake gano bakin zaren, ko dai PATH, jerin wuraren da ake neman umarni, ya bambanta, ko HOME, adireshin babban fayil ɗin asusun, babu shi, ko faifan ajiya ya cika.

Shirin da ya faɗi ya fi sauƙin sha'ani, domin yakan bar lambar fita, kuma lambar magana ce. A Linux, 127 na nufin ba a sami umarnin ba. 126 na nufin an same shi amma ba a iya gudanar da shi ba, sau da yawa saboda fayil ɗin ya fito daga Windows ba tare da izinin gudana ba; maganinsa git update-index --chmod=+x, sannan a tura gyaran. Lambar da ta haura 128 kuwa, a cire 128 daga cikinta, abin da ya rage shi ne siginar da ta kashe shirin. Wato 139 sigina ta 11 ce, shirin ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwa. 143 sigina ta 15 ce, wani ne ya umarce shi ya tsaya. 137 sigina ta 9 ce, kisan da babu sallama, kuma mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwar RAM ce ta ƙare tsarin ya zaɓi wanda zai sare. A duba dmesg, ko docker inspect a ga ko OOMKilled ya nuna gaskiya ne. Mai lambar 137 da ya tsaya neman kuskure a cikin rubutun manhajarsa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ya rage yawan gwajin da ke gudana lokaci guda, ko ya ƙara wa kwantenar, wato killataccen muhallin docker da aikin ke gudana a ciki, ƙwaƙwalwa.

Akwai wata mai rikita mutane: fayil ga shi ana gani, amma tsarin ya ce babu shi. Dalili biyu ne suka fi yawa. Ko dai an ajiye rubutun da ƙarshen layi irin na Windows, sai tsarin ya tafi neman /bin/bash mai ɓoyayyen harafi a wutsiya, ko kuma an haɗa shirin a Ubuntu mai laburaren C na glibc aka kai shi kwantenar Alpine mai wani daban, musl, ya rasa abin da zai loda shi. Umarnin file da ldd za su bayyana wannan cikin daƙiƙa biyu. Haka kuma tun da Apple ta fito da kwamfutocin M1 a 2020, ana yawan haɗa kwantena ta arm64, nau'in injin M1, a kai ta saba mai injin amd64, ta ƙi tashi.

Yanzu ga babbar matsalar, wato maƙalewa. Shirin da ya tsaya jira yake yi, aikinmu shi ne mu gano me yake jira. Kada a yarda da layin ƙarshe na rahoto. Idan ba allo ake rubuta wa ba, shirye-shirye da yawa sukan tara abin da za su faɗa sai ya yi yawa su zubo shi lokaci guda, don haka layin da ake gani na ƙarshe yana iya zama na minti goma kafin a maƙale. A Python a sa PYTHONUNBUFFERED=1, ga shirye-shiryen C kuma stdbuf -oL yakan taimaka.

Sannan a shiga sabar tun aikin yana maƙale. Umarnin ps -ef --forest zai nuna wane shiri ne ya haifi wane. A gangara har kan na can ƙasa, shi ne mai riƙe da kowa. A ɗauki lambar shaidarsa (PID) da ps ya nuna a ba strace -f -p. In aka ga ya tsaya a kan read(0, to amsa yake jira daga mutum. In a kan write(1 ko write(2 ne, bututun fitarsa, wato hanyar da yake miƙa wa wani shiri abin da ya rubuta, ya cika. In futex ne, ana rigimar makulli tsakanin zaren aikin, wato sassan shirin da ke gudana lokaci guda. In connect ko poll ne, a duba hanyar sadarwa. A cikin kwantena wani lokaci sai an ba da izinin SYS_PTRACE kafin strace ya kama. Ga Java akwai jstack, ga Python akwai py-spy dump, dukkansu suna nuna layin da kowane zare ya tsaya.

Jiran amsa shi ne mafi yawa, kuma abin dariya ne in an gano shi. apt-get yana tambayar a ci gaba ko a'a, kunshin tzdata yana tambayar yankin lokaci, git yana neman kalmar sirri, ssh yana tambaya ko an amince da sabuwar saba. Babu mai amsawa, sai jiran gawon shanu. A sa -y da DEBIAN_FRONTEND=noninteractive ga apt-get, GIT_TERMINAL_PROMPT=0 ga git, -o BatchMode=yes ga ssh. Duk shirin da ake shakka, a liƙa masa < /dev/null a ƙarshe, domin ya faɗi da wuri da saƙon da za a karanta, maimakon ya kwana a tsaye. Amma a sani, ssh da sudo sukan nemi kalmar sirri kai tsaye daga tasha (terminal, inda mutum ke buga umarni), don haka su sai an yi musu nasu saitin.

Cikar bututu ta fi wayo, domin takan ɓoye watanni. Bututun da ke tsakanin shiri da shiri a Linux yana ɗaukar bayit 65,536 ne in ba a canza ba. Idan uwar shiri ta tayar da ɗa, ta kama fitarsa ta bututu, sannan ta zauna jiran ya gama ba tare da ta karanta ba, to muddin abin da ya rubuta bai kai wannan adadi ba komai lafiya. Ranar da gargaɗi ya yi yawa ya cika bututun, ɗa yana jiran a kwashe, uwa tana jiran ya gama, shi ke nan an yi cirko-cirko. Haka ma in ana karanta fita ta ɗaya aka bar ta kurakurai. A Python a yi amfani da communicate a maimakon wait, a Java a sa redirectErrorStream(true), ko kuma a tura komai cikin fayil a huta. Kishiyar wannan ita ce shirin da aka tayar a bayan fage, kamar rumbun bayanai na gwaji: ya gaji bututun aikin ya riƙe, sai saba ta ƙi yarda an gama alhali an gama. A karkatar da fitarsa da > fita.log 2>&1 kafin a sa &, kuma a kashe shi a ƙarshen aiki. Jenkins shi kuma yakan bi duk abin da aiki ya tayar ya kashe bayan an gama; wanda ake so ya rayu sai a ba shi JENKINS_NODE_COOKIE=dontKillMe.

Masu Windows nasu ya bambanta. Tun daga Windows Vista da Server 2008, duk abin da ke gudana a matsayin hidimar bayan fage an killace shi a zama na 0, inda babu mai ganin tagarsa. Shiri zai buɗe akwatin saƙo yana jiran a danna, ko na amincewa da lasisi, ba wanda zai taɓa gani. Process Explorer zai nuna shi yana raye ba ya cin komai, ProcDump kuma zai ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a bincika. Faifan hanyar sadarwa da mutum ya ba harafi kamar Z: shi ma asusun hidima ba ya ganinsa, sai a rubuta cikakken adireshin. Lambar fita -1073741515 na nufin an rasa wani fayil na DLL, galibi kunshin Visual C++ ne ba a girka ba, -1073741819 kuma ita ce takwarar 139.

Akwai wadda ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. Kwantena da yawa suna tashi ba tare da saitin harshe ba, sai shiri ya ɗauka haruffan ASCII kaɗai ke akwai. Gwajin da ke ɗauke da kalma kamar "ƙasa", ko fayil mai irin wannan suna, zai wuce a gida ya faɗi a saba, ko haruffan su koma alamar tambaya. Python ya rage wannan tun sigar 3.7, Java kuma sai a siga ta 18 ta mai da UTF-8 abin da take ɗauka kai tsaye, amma tsofaffin sigogi suna nan birjik a wuraren aiki. A sa LANG=C.UTF-8 a saitin aikin, kuma duk inda ake buɗe fayil a faɗi UTF-8 ƙarara.

Sai batun iyakar lokaci. GitHub Actions yana barin aiki har minti 360 in ba a sa timeout-minutes ba, GitLab awa ɗaya, Jenkins kuwa ba ya tsayar da shi sai an gaya masa. Aikin da ya saba gamawa cikin minti takwas bai kamata a bar masa awa shida ba. A sa iyaka a kan kowane umarni mai haɗari: timeout -k 30 15m zai nemi shirin ya tsaya bayan minti 15, in ya ƙi ya sare shi bayan daƙiƙa 30, kuma lambar 124 ce alamar lokaci ne ya cika, sai dai in ta kai ga sare shi, a nan lambar 137 za a gani. Wanda sabarsa ke ofis a kan intanet mai yankewa ya sa wa curl --max-time, domin ba shi da iyakar lokacin saukewa sai an sa masa. Ga Java kuma a ƙara -s QUIT a umarnin timeout ɗin: siginar ba ta kashe shi, sai dai ta sa ya zubo matsayin kowane zare a cikin rahoto, bayan daƙiƙa 30 a sare shi, da safe a tarar da bayanin yana jira.

Na gode da filin da aka ba ni.

Wassalam,
Mai karatunku, ma'aikacin manhaja daga Kaduna