Wasiƙa zuwa ga ɗana kan lotsawar jikin mota da ɓarewar fenti

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan Hilux ɗin: lotsawa biyu a ƙofar baya, dogon karce a gefe, da inda fenti ya ɓare a bakin madigadi. Ka ce an ba ka shawarar a sake fentin motar gaba ɗaya. Kada ka yi. Motar neman abinci ce, duk ranar da ta kwana a gareji ranar ba ciniki, ga shi kuma mai saye yana ganin sabon fenti daga sama har ƙasa zai fara zargin ta taɓa yin hatsari.

Abin da za ka duba a kowane rauni shi ne ko ƙarfe ya fito fili. Muninsa a ido ba shi ne ma'auni ba. Ka wanke wurin da sabulu, ya bushe, sannan ka ja farcenka a kan karcen. Idan farce bai maƙale ba, ruwan sheƙin sama kaɗai ya taɓu. Man gogewa da tsumma mai laushi sun isa, in ya yi taurin kai a bi shi da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, a hankali, sannan a goge. Idan ka ga toka-toka, an kai ga firaima, wato shafin farko da ke ƙarƙashin kala, wannan zai iya jiran 'yan makonni. Idan kuwa ƙarfe kake gani yana ƙyalli, ko ya fara yin ja, ba a jira, balle ga damina tafe. Tsatsa tana shiga ta ƙarƙashin fenti ne, sai ka ga yana kumbura yana tashi, kafin ka ankara ɗan tabo ya zama rami.

Na bakin madigadin nan shi ya fi damuna, domin can taya ke watsa ruwa da laka da tsakuwa. Wannan kai ma za ka iya yi da hannunka. Ka kankare tsatsar da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fari, ka lallaɓa gefunan tsohon fentin da 180 sannan 320 don kada a ga gaɓa. Ka share da tina a tsumma mai tsabta, kada ka sake taɓa wurin da hannu, saboda maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Firaima shafi biyu marasa kauri, ka bar minti goma zuwa goma sha biyar a tsakani. In ya bushe sosai ka bi da 600, sai kala. Lambar kalar tana jikin 'yar takardar da ke dogarin ƙofar direba. Farar Toyota da yawa 040 ce. Amma rana ta riga ta ci fentin motarka, don haka ka kai murfin tankin mai wurin mai haɗa fenti ya gwada da ido. Kada a yi feshi ranar da hunturu ya taso da ƙura, ko ana hadari, ko jikin motar ya yi zafi a tsakar rana. Kuma ka sa abin rufe hanci na gaske, fentin da ake haɗawa da hadana, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, yana lalata huhu.

Lotsawar ƙofa kuma iri biyu ce. Wadda take a fili, mai zagaye, fentinta bai tsage ba, ana cire kwalin cikin ƙofa a tura ta daga baya da sandar ƙarfe kaɗan-kaɗan har ta dawo, fentin kamfani yana nan. Wannan ita ce hanya mafi kyau, ka nemi wanda ya iya ta. Wadda ta faɗa kan layin jikin mota ko ta yi kaifi, ƙarfen ya riga ya miƙe, sai fanalbita. In ba ta hana ƙofa rufuwa kuma fenti bai fashe ba, barinta ma ba laifi ba ne.

In ka kai wa fanalbita, ka tsaya a kansa ranar farko. Ka hana shi ɗora wutar gas a ƙofar sai in babu makawa, domin wuta tana ƙone rufin da kamfani ya yi wa bayan ƙarfen, daga nan tsatsa ta fara ci daga ciki inda ba mai gani. In an yi amfani da wuta ko walda, a shafa wa bayan wurin maganin tsatsa kafin a mayar da kwali. Sannan ka lura da bodi fila. Aikinsa cike 'yan ƙananan ramukan da guduma ta bari, kaurinsa bai kamata ya wuce milimita 3 ba. Mai gaggawa zai ƙi bugun ƙarfen ya lafta fila kamar mai yaɓen ɗaki, ya fente, ka karɓa kana murna, bayan wata shida gargadar hanya da zafin rana su tsaga shi, ruwa ya shiga. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: inda fila ya yi kauri ba zai kama da ƙarfi ba. Hadana kuma kashi 2 cikin 100 ake sawa a fila. In ta yi yawa tana iya ɓata kala daga baya, in ta yi kaɗan filan ba zai daskare ba.

Bamban gaba roba ne, in ya lotsa ruwan zafi da turawa daga baya sukan dawo da shi. Cikin bodin baya, inda ake zuba kaya, kuwa karce ba ya ƙarewa, sai dai ka shimfiɗa tabarmar roba, ka kuma wanke shi duk ranar da ka ɗauki takin zamani, gishiri, siminti ko dabbobi, domin su ne ke cinye ƙarfe.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka ƙarami: in bayan bugun da motar ta sha ƙofa ta daina rufuwa daidai, ko tazarar bonet ta bambanta hagu da dama, ko sitiyari yana jan gefe guda, wannan ya wuce maganar fenti. A ɗaga motar a duba shasi kafin ka sake ɗora mata kaya.

Kuɗin aiki ku yi ciniki a kan ƙofa guda, ka ba da rabi, sauran sai ka duba aikin a hasken rana, ta gefe, ba a cikin inuwar gareji ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Mahaifinka.