Wasiƙar Babbar Sallah daga Doha

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi layyar da aka yi, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina rubuta wannan wasiƙa ne ƙarfe 10 na dare ya ɗan gota, wato ƙarfe 8 ke nan a Damagaram, tunda agogonmu ya riga naku da awa biyu. Na kwanta barci ya ƙi zuwa, domin rigar da na cire har yanzu tana warin albarushi, kuma wannan warin ya ɗauke ni daga bakin tekun Doha, babban birnin Katar, ya ajiye ni a ƙofar fada.

Mun yi Idi wajen ƙarfe 5 na safe, lokacin da ku kuna tsakiyar barci, saboda a ƙasar nan da zarar rana ta fito ake yin salla kafin zafi ya taso. Babu doki, babu kakaki, babu algaita, kowa ya idar ya nufi motarsa. Layya kuwa a mayanka ake yin ta, mutum ya biya kuɗi a miƙo masa namansa a cikin leda, har ma na wuni ina duban sama ban ga hayaƙin gashi ko na gida ɗaya ba. Sai da dare ya yi sannan garin ya nuna cewa yana Sallah, aka yi wasan wuta a bakin teku a Katara. Na hau jirgin ƙasa na cikin gari tun kafin magariba, ɗauke da kyamarar da maigidana ya ara mini da sandarta mai ƙafa uku, na kama wuri kafin jama'a ta cika.

Da aka harba ta farko, ƙasa ta amsa, sai hayaƙin ya biyo iska ya iske ni. Wallahi Baba, warin nan shi ne na ƴan bindiga ranar hawan Sarki, babu bambanci, domin farar wuta da gawayin da ke cikin albarushinsu su ne a cikin wannan. Na tuna ranar da kuka ɗora ni a wuya a cikin Birni, na toshe kunnuwa ina kuka amma na ƙi yarda a sauke ni, kuna ba ni labarin Sarki Tanimun da ya gina ganuwa, ya sa ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a garinmu, har ya rasu a 1884. Wuta uku ko huɗu suka fashe suka wuce hannuna yana kan kyamara ban danna komai ba.

Yanzu ku yi mini haƙuri in juya ga Auta, wanda na bar wa tsohuwar kyamarata, tunda sau biyu yana tambayata yadda ake kama wuta da dare, kuma akwai aikin da nake so in sa shi a ƙarshen wasiƙar nan.

Auta, kuskuren da kowa ke fara yi shi ne zaton cewa tunda dare ne, sai an nemo wa kyamara ƙarin haske. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko. Na bar ta tana zaɓa wa kanta, ta ga duhu ta kunna fitilarta, na dawo gida da hotunan ƙeyar mutanen da ke gabana, wutar kuwa ta zama ƴan ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a baƙin zane. Fitilar kyamara ba ta wuce ƴan taku, wutar kuma tana can sama nesa, saboda haka ka kashe ta. Ka murɗa maɓallin sama zuwa harafin M, inda kai ne za ka yanke komai da hannunka. Wutar nan haskenta ya ishe ta har ya yi yawa, abin da take bukata shi ne lokaci. Furen da ido yake gani a sama tartsatsi ne masu gudu, kowanne yana jan layinsa, kuma kyamara ba za ta zana layin ba sai an bar labulenta, wato murfin cikinta da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe tun daga fashewar har zuwa mutuwar tartsatsin.

Abu uku za ka saita, kuma gara ka san aikin kowanne da ka haddace lambobi kawai. Na farko shi ne ISO, wato ma'aunin saurin jin haske na kyamara, ka sauke shi zuwa 100 ka ƙyale shi a nan, domin idan ya hau sama baƙin dare yakan yi ƙuraje kamar an yayyafa masa yashi. Na biyu shi ne kafar da haske ke shiga ta cikin gilashi, wadda ake rubutawa da harafin f. Ka fara da f/11. Lambar tana ƙaruwa kafar tana tsukewa, kuma daga f/8 zuwa f/11 an rage rabin haske, daga f/11 zuwa f/16 an sake rage rabi. Ita ce mai riƙe da launi. Wani abokin aikina ɗan Filifin ya bayyana mini cewa sinadaran da ake cusawa a cikin harsashin ne ke ba da launukan, sinadarin da ke cikin gishirin miya yana ba da rawaya, jan ƙarfe kuma, abin mamaki, shuɗi yake bayarwa. Idan kafar ta yi faɗi da yawa, duk waɗannan launuka sai su ƙone su koma fari fat, kuma farin da ya ƙone babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Idan ka duba ka ga layukan sun yi fari, ka tsuke zuwa f/16, idan kuma sun yi siriri sun dushe, ka buɗe zuwa f/8.

Na uku shi ne tsawon lokacin da labule zai zauna a buɗe, daga sakan 2 zuwa sakan 5. Wannan ba ya ƙara wa layin haske sosai, tunda tartsatsin ba ya tsayawa wuri ɗaya, tsawon jelar yake ƙarawa da yawan furannin da za su taru a hoto guda. A ganina sakan 4 ya fi kyau, ko da yake abokin nawa ya nace a kan 6, hotunansa kuma kan cika har su zama kamar kasuwar Dole ranar jajibere. Wanda hannunsa ya faɗa yakan koma harafin B, inda labule ke zama a buɗe muddin yatsa yana kan maɓalli. Da shi na yi aiki yau. Ina ganin harsashi ya tashi yana jan siririyar jela sai in danna, in saki idan furen ya zube. Kada ka jira ƙara, domin sauti yana tafiyar mita 340 ne kawai a sakan guda, wanda yake nesa da kilomita ɗaya sai bayan sakan 3 zai ji fashewar, lokacin an riga an gama. Akwai kuma wata dabara ta tsofaffin masu hoto, a bar labule a buɗe, a rufe bakin gilashin da baƙin kwali ba tare da an taɓa shi ba, a janye kwalin duk lokacin da wata ta fashe, sai fure uku ko huɗu su haɗu a hoto ɗaya sama kuma ta zauna baƙa wuluk.

Duk wannan aikin banza ne idan kyamarar ta motsa. Babu hannun ɗan Adam da zai riƙe ta sakan 4 ba ta girgiza ba, saboda haka dole ta zauna a kan mai ƙafa uku, a danna ta da wayar dannawa, ko a sa mata jinkirin sakan 2 domin girgizar yatsa ta lafa kafin labule ya buɗe. Maɓallin hana girgiza da ke jikin gilashin ka kashe shi, domin a kan sanda yakan nemi girgizar da babu har ya haifar da ita. Saitin nisa ma ka mayar da shi na hannu. Tun da sauran haske na saita nawa a kan wani bene mai nisa, na manne zoben da salatif, saboda a cikin duhu kyamara takan yi ta kai da komo tana neman abin da za ta kama har wutar ta mutu. Akwai wani saiti na goge ƙurajen doguwar ɗauka, wanda bayan kowane hoto na sakan 4 yake riƙe kyamarar wasu sakan 4, shi ma a kashe shi.

Sauran darasin iska ce ta koya mini. Mai hoto yana so iska ta buso daga bayansa ta kora hayaƙi gaba, ni kuwa yau ta juyo kaina, shi ya sa na samu warin gida na rasa rabin hotunana. Na farko-farko su ne masu tsabta, kafin hayaƙi ya taru. Na ƙarshe, inda ake harba su gaba ɗaya jama'a na ihu, sai da na sauka zuwa sakan 1 da f/16, duk da haka sun yi fari. Ga kuma laimar teku, wadda ba mu sani ba a Damagaram. Kyamarar da ta fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska takan yi gumi a gilashi, sai an bar ta a waje cikin jakarta ta saba da zafin. Na ɗauki hoto kusan 200, waɗanda zan iya nuna wa mutane ba su wuce 9 ba, kuma zan turo su gobe. Ina fatan a sake yin wani wasan a ranar 18 ga Disamba, ranar bikin ƙasar Katar, wadda ta zo daidai da ranar Jamhuriyarmu ta Nijar, abin da duk shekara ke tuna mini da hidimar Zinder Sabuwa, wato bikin ranar da aka yi a garinmu a 2018.

Inna, duk kyan abin nan, da za a ba ni zaɓi da na bayar da shi a kan wutar ƙofar gidanmu. Na san yadda take a yanzu. An baje ragunan a kan sanduna an gicciya, an kafa su kewaye da wuta tun azahar, bayansu ya yi ja, man yana ɗiga a cikin kwanonin da kika jera, Baba yana zaune a kan tabarma yana faɗa wa Yaya cewa itacen ya yi yawa ta gefen gabas, kamar yadda yake faɗa kowace shekara. Na san an soya hanta da kayan ciki, an barbaɗa yajinki, kuma babu mai taɓa ragon sai gobe da safe idan an zo rabo. Na gaya wa abokan zamana cewa mu rago kwana yake kafin a ci, suka yi ta dariya, suka ce wane irin haƙuri ne wannan. Na soya naman ledar da aka ba mu a kan gas, na sa sauran yajin da kika ƙullo mini, wanda ƙamshinsa ya fara gudu, na ci loma biyar na ture.

To Auta, ga aikin. Ina son hoton wutar nan. Ba ka da mai ƙafa uku, amma ka kifa turmin Inna nesa da zafi da hayaƙin mai, ka ɗora ƙullin gero a kai, ka zaunar da kyamarar a cikinsa. Ka sa ISO 200 da f/8 da sakan 2, ka kunna jinkirin dannawa, sannan Yaya ya zunguri itacen domin tartsatsi ya tashi, za ka ga ya zana layuka irin waɗanda na gani a Katara. Idan ragunan sun yi duhu ka buɗe zuwa f/5.6. Ka roƙi Baba ya zauna shiru na sakan biyun nan, domin fuskarsa ta fito a hasken wutar. Idan saƙon ya iske ka wuta ta riga ta mutu, ka yi mini na murhun suyar gobe da dare.

Ina gaida Kaka gaisuwa ta musamman. A gaya mata cewa turaren da ta ce in sayo na saya a Suƙ Waƙif, yana nan a naɗe cikin hular da ta ba ni, kuma har yau ban sami matar da ta kai ta ba, saboda haka aurenmu yana nan daram, kada ta saurari kowa. A yanka mata wajen taushi daga cinya, a daka mata, kada a bar ta da ƙashi kamar bara. Ina gaida Yaya da amaryarsa da jaririn da ban taɓa ɗauka ba, wanda aka ce ya ɗebo kunnuwana, Allah Ya raya shi. Ina gaida Gwaggo ta Zango, ina cin kilishinta a hankali kamar magani. Ina gaida Kawu na Mirya da iyalinsa, da Malam na makarantar allo, da maigidana na farko da ya fara ɗora hannuna a kan kyamara, a nuna masa hotunan idan sun iso, ya faɗi aibinsu kamar yadda ya saba. Maƙwabta duka ina gaishe su. Ƴan matan gida kuma barka da Sallarsu tana cikin kuɗin da na turo wa Yaya, kada su bari ya ce ya manta.

Auta, ka caja batirin tun yanzu, kuma ka goge gilashin da tsumma mai laushi, ba da bakin rigarka ba.

Wassalam,
Ɗanku da ke Doha