Ɗalibanmu na Legas, a ƙawata ɗaki amma a bar wa mai gida bangonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana da ƙannenmu ɗalibai da ke kama ɗaki a Akoka da Bariga da Yaba da Ojo da Idi-Araba, masu karatu a UNILAG da Yabatech da LASU da kwalejin likitoci. Sana'armu fenti da gyaran gini, mu ake kira bayan ɗalibi ya kwashe kayansa. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna yawanci a bango yake salwanta, a kan gam da ƙusa.

Bangon Legas ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Iskar garin jiƙe take, balle daga Afrilu zuwa Yuli, kuma gidajen haya da yawa fentin ruwa mai arha aka shafa musu a kan filastar da ba ta gama bushewa ba. Irin wannan fenti bai kama bango sosai ba, duk abin da aka manna masa, da shi zai taso. Saboda haka kafin a liƙa komai a gwada. A goga tafin hannu a bangon. In ya fito da farin gari, fentin ya mutu, babu gam ɗin da zai zauna lafiya. In bai fito ba, a manna guntun salatif na takarda, irin wanda masu fenti ke aiki da shi, a bayan ƙofa, a bar shi kwana biyu, sannan a ɓare a hankali. Abin da ya faru a wannan lungun shi zai faru a tsakiyar ɗaki.

Babban mai laifi shi ne salatif mai kumfa mai manne gaba da baya. Yana riƙe hoto, gaskiya ne, amma ranar cirewa da fenti yake tafiya, wani lokaci har da fatar filasta. Haka gam ɗin bayan fitilun ado masu kama da igiya da samari ke zagaya rufi da su. Dabarar ita ce a fara shimfiɗa salatif na takarda a bango, sannan a ɗora mai ƙarfin a kansa, don ya zama takardar ce ke taɓa fenti. Wannan na kaya marasa nauyi ne kawai, kamar jadawalin lacca da kalanda.

Abin da ya fi haka nauyi, akwai maratayan roba masu gam da ake zarewa, irin su Command. Kowane kwali an rubuta nauyin da yake ɗauka, kada a kai shi iyaka. A goge wurin da sifirit, ba da ruwan sabulu ba, a danna daƙiƙa 30, a jira awa ɗaya kafin a rataya. Wajen cirewa ana jan harshen gam ɗin ƙasa, a miƙe tare da bango, sannu a hankali. Wanda ya fizgo shi zuwa ƙirjinsa shi ke ɓalle fenti. A bangon da ke tsatsafo da danshi kuwa ba ya zama, cikin dare za a ji madubi a ƙasa. Madubi babba a jingine shi kawai.

Ƙusar kankare a manta da ita. Bulo na yashi da siminti ne, ƙusa ɗaya kan fasa filasta faɗin tafin hannu, ga wayoyin lantarki da ake binnewa a miƙe sama da soket da makunni. Rataya gidan sauro ne ya fi jawo buga ƙusa. A sayi mai kama da tanti, ko a haɗa firam da fayif ɗin roba na masu haɗa wayar lantarki, mai milimita 25: huɗu a tsaye, huɗu a kwance daidai girman katifa, da mahaɗan kusurwa. Labule kuma akwai sanda mai sifirin da ke tokare gefe biyu na taga ba tare da huda ba.

Takardar ado ta bango da faifan soso masu gam da ake yayi yanzu, mu dai ba ma ba da shawararsu a Legas. Suna rufe danshi, funfuna ta yi baƙi a bayansu, ga warin ruma da ke tayar wa mai asma ciwo. Wanda bai son launin bango ya rataya yadi ko atamfa a kan sanda. Kabad da katifa a janye su daga bango kamar santimita 10 don iska ta ratsa. In funfuna ta fito, bilic kashi 1 a ruwa kashi 10, a buɗe taga, kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Ledar ƙasa a shimfiɗa ta haka nan, kaya su danne ta, ban da gam a kan tayil. 'Yan'uwa mata masu turaren wuta, a sa kasko a kan faranti nesa da bango, don hayaƙinsa na rina farin rufi.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana ɗan haya sauya fasalin gida sai da izinin mai shi a rubuce, amma ba ta ɗora masa tsufan da ɗaki ke yi da kansa ba. Ɗakunan kwana mallakar makaranta ba sa ƙarƙashinta, nasu dokokin na makarantar ne. Don haka ranar karɓar makulli a ɗauki bidiyon kowane bango da rufi da tayil, a tura wa mai kula da gidan ta WhatsApp. Mai son sake fenti ya nemi amincewa a rubuce, har da launin. Gam ɗin da aka riga aka manna kuma, a hura masa iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi kamar rabin minti, a ɓare daga kusurwa, a goge saura da sifirit kaɗan bayan an gwada a ɓoyayyen wuri.

Wassalam.

Wasu masu sana'ar fenti,
Agege, Legas