Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Abzin Kan Otal ɗin Ayar

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu magina ne da masu kishin tsohon garin Agadas. Kukanmu a kan ginin nan ne da ke kallon babban masallaci, wanda baƙi suka sani da Hôtel de l'Aïr. A 1917 aka gina shi don Kawsan, jagoran boren Abzinawa, lokacin da shi da Sarki Tagama suka yi wa sojan Faransa ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan an murƙushe boren ne gidan ya koma masaukin baƙi, zaurensa mai bakan gizo ya zama ɗakin cin abinci. Yana cikin gine-ginen da suka sa UNESCO ta shigar da tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Ranka ya daɗe, babban maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, otal kuwa ba ya rabuwa da ruwa. Bututun bayi da aka binne cikin bango, in ya tsage, sai ya yi watanni yana jiƙa tubali ba wanda ya gani. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a gindin katanga. Danshi ya kira gara, gara ta cinye azara. Maganin shi ne a fito da kowane bututu fili, a kai ramin ƙazanta nesa da harsashi.

Sai siminti, wanda mutane ke ɗauka gata ne. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar. Da an shafe shi da siminti, danshin ya maƙale, ƙasar ta ruɓe a ciki, wata rana ɓawon ya zubo da rabin bango. Yaɓen da ya dace shi ne ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, a cuɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana bakwai tana ruɓa ana juyawa. A yayyafa wa bango ruwa, a shafa kaurin yatsa biyu, a bari ya bushe kafin a ƙara. Wanda ya lafta da kauri lokaci guda, tsagewa zai yi.

Rufi ma akwai tarko. Ƙara sabuwar ƙasa duk shekara ba a kankare tsohuwa ba nauyi ne ake ɗora wa bakan gizo, har ƙafafunsa su fara buɗewa. A kankare tukuna, a gyara gangare, a share indararo, ya fito aƙalla kamu guda don kada ruwa ya zuba a jikin bango. Duk wannan a gama shi kafin Yuli, domin ruwan Agusta ba ya jiran kowa.

Tun tawayen Abzinawa na 2007 masu yawon buɗe ido suka ja baya, kuɗin gyara ya yi wuya, mun sani. Roƙonmu shi ne fada ta tara masu otal, hukumar gari da dattawan magina, a duba ginin kowane Afrilu, a rubuta abin da aka gani, a hana siminti taɓa tsohon zauren. A kuma sa matasa su koyi ɗaurin bakan gizo a wurin, tun masu iyawa suna da ƙarfin hawa tsani.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.