Wasiƙar godiya ga masu wani masauki a gefen tafkin Bodensee

Zuwa ga Uwargida mai masauki, da Maigida, da 'yarku mai kawo abinci, da dukkan masu aiki a madafarku,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kuma sanyin bana ya zo muku da sauƙi.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili, kuma da harshenmu, don 'yan'uwana masu zuwa Jamus su karanta. Wani ɗalibinmu da ke karatu a Konstanz ya yi mini alkawarin zai mayar muku da ita Jamusanci.

Aiki ne ya kai mu yankinku a watan Yuni. Mu ma'aikatan kiwon dabbobi ne, muka je ganin yadda makiyayan yankin Allgäu na kudancin Jamus ke haɗa kai su tara madara su mayar da ita cuku. Aka sauke mu a gidanku, a wani ƙauye kusa da Lindau, inda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka kewaye tafki guda. Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa can ya san halin da Musulmi ke shiga in ya zauna cin abinci. Alade ba a faranti kaɗai yake ba. Yana cikin romo, yana cikin kitsen suya, an yanka shi ƙanana an watsa a dankali. Giya kuma tana cikin miya da kek. Shi ya sa yawancinmu sai mu tare a shagunan Turkawa mu yi ta cin döner, wato shawarmarsu, Allah ya saka musu da alheri su ma, har mu koma gida ba mu san ɗanɗanon abincin ƙasar da muka je ba. Ku kuka raba ni da wannan.

Tun daren farko, da na nuna abin da ba na ci, Uwargida, ba ki ce mini "babu komai a ciki" don ki sallame ni ba. Kin jawo kujera, kin ɗauki takardar jerin abinci da biro, kika bi layi-layi. Maultaschen, kwaɓin fulawa mai nama a ciki, kika soke, akwai alade a cikin naman da ake cusawa. Schnitzel ɗinku, faffaɗan soyayyen nama, kika soke, kika ce na ainihi irin na Vienna da naman maraƙi ake yi, amma wanda aka fi sayarwa a gidajen abinci na alade ne. Kek ɗin nan mai ceri na Schwarzwald, wanda idona ya riga ya faɗa kansa, kika girgiza kai, akwai barasar ceri a ciki. Har kwaɗon dankalinku, da na ɗauka dankali ne da albasa da ruwan kal kawai, kika ce a kudancin Jamus da romon nama ake jiƙa shi, za ki yi mini nawa da romon kayan lambu. Rabin takardar ya tafi, kuma da shi cinikin da za ki yi da ni ya ragu. Abin da ya saura kuwa na ci shi hankali kwance.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Käsespätzle. Kun bar ni na tsaya a ƙofar madafa na ga yadda ake yinsa. Fulawa da ƙwai da gishiri da ɗan ruwa, Maigida ya yi ta bugun kwaɓin da muciya har ya fara kumfa. Ya zuba a wani ƙarfe mai huji-huji da aka ɗora a bakin tukunya, yana gogawa, ƙullun na ɗiga cikin tafasasshen ruwa. Tamkar ɗanwake: in ya taso sama, ya nuna, sai a tsame. Ya zuba a kwano mai zafi, ya barbaɗa gogaggen cuku, ya ƙara zubawa, ya ƙara cuku, a ƙarshe ya rufe da albasar da aka soya da man shanu har ta yi ja. Da na sa cokali na ɗaga, cukun ya biyo shi yana miƙewa bai tsinke ba. Cukun nan, Bergkäse, shi ne wanda muka wuni muna kallon yadda ake yinsa a ƙaramar masana'antar makiyaya: ɗanyar madarar shanun da suka ci ciyawa, kimanin lita 10 ke ba da kilo 1, sannan a ajiye shi aƙalla wata 4 ana juyawa ana shafe bayansa da ruwan gishiri. A ganina duk laccocin da aka yi mana ba su kai wannan kwano gamsar da ni ba. A nan na gane abin da makiyayi ke samu in madararsa ba ta lalace masa a hannu ba, na tuna da matan Fulaninmu da ke yawo da ƙwaryar nono a ka, rana na faɗuwa su karya farashi don kada su koma ruga da shi.

Mun kuma yi sa'a mun riski ƙarshen lokacin Spargel, farin tsiron nan mai kaurin yatsa da ake tara wa ƙasa don kada rana ta taɓa shi ya koma kore. Daga Afrilu ake fara cinsa, ranar 24 ga Yuni kuma a rufe, sai baɗi. A al'ada da yankakken naman alade ake kawo shi. Ni da dafaffen dankalin turawa da narkakken man shanu da ƙwai kuka kawo mini. Gaskiya ban haukace a kansa yadda Jamusawa ke yi ba, bakin da ya saba da yaji yana jin sa salam, amma 'yarku ta lura, washegari sai ga garin barkono a kan teburina ba tare da na tambaya ba.

Batun kifi ma sai na ambata. Na ji labarin Felchen, kifin da tafkinku ya yi suna da shi, na tambaya. Kuna iya soya mini kowane kifi ku kira shi da wannan suna, ba zan taɓa ganewa ba. Sai Maigida ya ce tun farkon 2024 aka hana kama shi a babban ɓangaren tafkin har shekara 3, saboda ya yi ƙaranci. Ya ce abin da yake da shi Forelle ne na kiwo, kuma shi ya soya mini, an birkiɗa shi a fulawa, da man shanu da lemon tsami, a kaskon da ya wanke a gabana duk da ban nema ba.

Sai burodi. An ce nau'in burodin Jamus da aka yi wa rajista ya haura 3000, kuma wanda ya ga teburin karin kumallonku ba zai yi musu ba. Na miƙa hannu zan ɗauki Brezel, Uwargida kika ce in dakata. Kika buga wa mai gasa muku burodi waya da sassafen nan, don wasu masu gashi a kudu suna sa kitsen alade a kwaɓin. Ya ce shi da man shanu yake yi. Waya ce ta minti ɗaya, amma mutum nawa ne zai yi wa baƙon da ba lallai ya sake ganinsa ba?

Ranar da za mu tsallaka iyaka, kun rubuta mini wata 'yar takarda da Jamusanci: ba alade, ba kitsensa, ba giya ko a cikin miya. Ta yi mini aiki a Bregenz ta ƙasar Ostiriya, a kan dutsen Pfänder mai tsayin mita 1064, inda na ci Kaiserschmarrn bayan mai dafawa ya karanta ta ya cire zabibin da aka jiƙa a barasa. Soyayyen kwaɓin ƙwai da madara ne da ake yayyagawa a kasko, a barbaɗa sukari, a ci da markaɗaɗɗiyar tuffa. Ta sake yi mini aiki a Suwizalan, bayan mun shiga jirgin fito daga Friedrichshafen zuwa Romanshorn. A can na haƙura da fondue saboda giyar inabin da ake narka cukun da ita, na ci Rösti, gogaggen dankalin da aka soya ya yi ɓawo, da ƙwai a kai. Tsadar Suwizalan kam sai wanda ya gani.

Ga 'yan'uwana masu shirin tafiya: ku riƙa tambaya, kuma ku ambaci abu da sunansa, Schwein (alade), Speck (naman alade mai kitse), Schmalz (kitsen alade), Wein (giyar inabi). Ku sa wanda ya iya harshen ya rubuta muku irin takardar nan. Ku sani yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, kuma ƙananan gidajen abinci na da ranar hutunsu a mako. Ruwan da za a kawo muku na kwalba ne na saye, galibi mai gas, sai in kun ce ba shi kuke so ba. In kun ji ƙishi ku nemi Apfelschorle, ruwan tuffa ne da aka sirka da ruwa mai gas, babu barasa a ciki, kuma gefen tafkin nan gonakin tuffa ne iya ganinka.

Uwargida, kin tambaye ni yadda ake kunun gyaɗa, na ce zan rubuto. Na ba ɗalibin nan bayanin, tare da ƙullin tsamiya da yajin ƙuli-ƙuli, zai kawo muku idan ya dawo daga hutu. Ku gaishe mini da mai gasa burodi, da dattijon nan da ke zama teburin kusurwa kowace yamma, wanda ya matsa ya ba ni wuri.

Allah ya ƙara wa gidanku albarka da baƙi na gari, ya raya muku zuri'a.

Naku da girmamawa,
Wani ma'aikacin kiwon dabbobi daga Kano