Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Ƙasa, Dakta Aminu Maida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan alkawarin da hukumarka ta NCC ta ɗauka mana a watan Janairun 2025, lokacin da ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin sun nemi ninki ne, kuka rage musu zuwa rabi, kuka kuma ce sharaɗin shi ne sabis ya gyaru. Mun ji, mun biya, kuma har gobe muna biya. Abin da nake roƙo shi ne a riƙe kamfanonin a kan nasu rabin cinikin, musamman MTN, wanda ya fi kowa yawan layuka a ƙasar nan.

Ba na cikin masu yi wa wannan kamfani na Afirka ta Kudu kallon ɓarawo. Duk wanda ya san zamanin NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnati, lokacin da sai mai hali ko mai hanya yake da tarho a gida, ya san abin da zuwan wayar salula a 2001 ya kawo. A farkon shekarar MTN ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, a lokacin da manyan kamfanonin Turai suke jin tsoron zuba dukiyarsu a Najeriya. Ya yi kasada, kasadar kuma ta yi riba, har Najeriya ta zama babbar kasuwarsa a duk duniya. Yau mai kayan miya a Yankaba da waya yake jin farashin tumatir a Kadawa kafin ya tashi mota. Wannan alheri ne, ba mai musun sa.

Haka kuma kukan da kamfanonin suka yi kafin ƙarin ba na ƙarya ba ne. Tun 2013 ba a taɓa farashin ba sai a 2025. Da aka saki naira a 2023 darajarta ta faɗi, MTN na Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137, a 2024 kuma asarar ta haura biliyan 400, domin kayan aikinsu da dala ake sayowa, hayar turakun sabis ɗin da suka sayar wa kamfanin IHS ma tana da alaƙa da dala. Ga man dizal da janaretocin turakun suke sha dare da rana, ga 'yan kwangilar hanya da ke tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, ga ɓarayin batir. Duk na yarda. Amma ƙarin bai cika wata uku ba kamfanin ya koma cin riba. Ciwonsu ya samu magani da wuri. Namu fa?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tarihin yadda hukuma take nuna ƙarfinta. A watan Oktoban 2015, NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1 da biliyan 40 saboda layuka sama da miliyan 5 da bai yanke ba alhali ba su da cikakkiyar rajista, naira 200,000 a kan kowane layi. Duniya ta girgiza, shugaban kamfanin a Johannesburg ya ajiye aiki, aka yi ta zarya har aka daidaita a kan biliyan 330 a 2016, tare da sharaɗin ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas, abin da ya yi a watan Mayun 2019. A 2018 Babban Banki ya ce ya dawo da dala biliyan 8.1 da ya fitar, daga baya aka rufe maganar a kan kimanin dala miliyan 53. Ka ga ke nan gwamnati ta san yadda ake sa babban kamfani ya zauna ya saurara. Sai dai duk waɗannan kuɗi baitulmali suka shiga. Ban taɓa ganin an tayar da irin wannan ƙura saboda talakan da ya sa kati ya sayi datar mako guda, sabis ya ɗauke kwana uku, ranar da wa'adi ya cika kuma aka share abin da ya rage ba.

Ko a watan Fabrairun 2025, da MTN ya mayar da wani tsarin data na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, hayaniyar jama'a a soshiyal midiya ce aka fi ji har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Mutanen birni ne suka yi wannan hayaniyar, domin su ne ke da sabis ɗin yin ta.

Ranka ya daɗe, a fita daga kan kwalta kilomita kaɗan a ga yadda ake rayuwa. Akwai ƙauyukan da kowa ya san bishiya ɗaya ko tudu ɗaya da ake samun sanda guda ta sabis, ko wane layi mutum yake riƙe da shi. Da la'asar za ka tarar da maza a jere a wurin, kowa ya ɗaga waya sama, wata tsohuwa kuma ta aiko jikanta da lamba a rubuce a takarda don a kira mata ɗanta da ke ci-rani a Fatakwal. Ranar kasuwa mai POS yana zaune da na'ura a hannu, an ciri kuɗi a asusun manomi, takarda ta fito da cewa ciniki bai yiwu ba, ga mai awaki yana jiran kuɗinsa, rigima ta kaure tsakanin mutanen da babu mai laifi a cikinsu. Mace tana naƙuda cikin dare, a rasa yadda za a kira mai mota. Waɗannan mutane kuɗin minti ɗaya suke biya da na mazaunin Maitama, ƙarin kashi 50 ɗin ma bai tsallake su ba.

Kuma su ne dai aka kashe wa sabis a watan Satumban 2021, a duk faɗin Zamfara, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Hukumarka ce ta ba kamfanoni umarnin, kafin zuwanka. 'Yan bindiga ba su ƙare ba, amma mutanen gari sun yi watanni ba su iya sanar da kowa an shigo musu.

Na san a watan Mayun 2025 kun umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan sabis ya yi babbar ɗaukewa, kuma su biya diyya idan abin ya wuce awa 24. Mataki ne mai kyau, Allah ya saka. To amma wanda aka yi dokar dominsa bai san da ita ba. A sanar da ita da Hausa a Rediyon Kaduna da tashoshin jihohi, yadda kamfanonin suke tallata garaɓasarsu da Hausa. Diyyar kuma ta riƙa shiga layin mutum da kanta, domin kwamfutocinsu sun san turken da ya mutu da layukan da ke ƙarƙashinsa. Bai kamata sai mutum ya cike fom da Turanci ba.

Sannan a bayyana mana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, turaku nawa MTN da Airtel da sauransu suka kafa ko suka gyara tun bayan ƙarin. Jimillar biliyoyin da aka zuba a ƙasa baki ɗaya ba ta gaya wa mutumin Zurmi ko Sabon Birni komai. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sabis inda kamfani ba ya hango riba, shi ma a faɗa mana garuruwan da ya kai wa. Gwamnonin da ke tsawwala kuɗin haƙa ramin waya kuma a kira sunansu a fili, tunda Kaduna ta yafe nata tun 2020, ba abin da zai hana saura.

Ina fatan wannan takarda za ta iso teburinka, kuma za mu ji amsa a rediyo.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwar waya, Farm Centre, Kano.