Ba kowace giyar inabi ce tsufa ke ƙara wa daraja ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shafin siyasa na makon jiya wani marubucinku ya yabi wani dattijo, ya ce wai kamar giyar inabi yake, ƙara tsufa ƙara daraja. Ba ni da ja kan dattijon. Kwatancen ne ya tsaya mini a rai, domin shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin ajiyar kwalabe na wani gidan abinci a Vila Nova de Gaia, tsallaken kogin Douro daga birnin Porto na Fotugal. Ni ba na sha, duk ma'aikatan gidan sun sani. Nawa shi ne in ɗauko kwalba, in goge, in tsiyaye. Sai dai mai zama kusa da maƙera ba ya rasa jin ƙarar guduma.

Yawancin giyar inabi, in ta kwana biyu a ajiye, lalacewa take yi. Mai jure shekara talatin ko arba'in ƙalilan ce, kuma a cikinsu akwai wadda ake kira Vintage Port. Inabinta daga tsaunukan Douro yake fitowa, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756 a zamanin Marquês de Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin. Wasu gidaje har yau da ƙafa suke tattake shi a cikin kwamin dutse. Kafin ruwan ya gama tsima sai a zuba masa barasa mai ƙarfi, tsimin ya tsaya, zaƙin inabin ya rage a ciki, ƙarfinta ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Ta yi kamar shekara biyu a ganga, sai a ɗura a kwalba ba tare da an tace ba. Kuma ba kowace shekara ake yin ta ba, sai shekarar da inabi ya yi kyau ƙwarai, hukumar IVDP mai kula da giyar yankin ta ɗanɗana ta amince. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke ambaton 1963, 1977, 1994 da 2011 kamar sunayen 'ya'yansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, hukuncin tun giyar tana jaririya ake yanke shi. Na sha ganin masu ɗanɗano sun jera kofuna, su ɗaga su ga haske. Sabuwa mai kyau baƙa-baƙa take, kamar zoɓo mai kauri sosai. Su sansana, su kurɓa, su jujjuya a baki, su tofar a bokiti. Ba daɗi suke nema ba. Wani dattijo a cikinsu ya taɓa ce mini mai daɗi tun tana ƙarama ita ce abar tsoro. Bauri suke nema, irin wanda ke kama dasashi in ka ci ɗanyen goro, tare da ɗan tsami da zai riƙe zaƙin kada ya yi gundura, sannan su lura ko ɗanɗanon ya daɗe a baki bayan an tofar, ko barasar ta yi wa sauran rinjaye.

Wannan baurin, da aka yi mini bayaninsa, dariya na yi, don na san shi tun ina yaro. Tanin suke ce masa, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita a Kano. Abin da ke hana fata ruɓewa shi ke riƙe giyar. Yana fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, kuma irin da ake kira Touriga Nacional na da shi da yawa. Da shekaru suka tafi sai ya yi laushi, wani ya kwanta a gindin kwalba kamar laka, launin ya koma ja mai ruwan ƙasa. Lakar nan ce nake tsiyayewa a hankali kafin a kai tebur.

Ajiya ma da nata. Dole kwalbar ta kwanta a wuri mai sanyi da duhu, don toshiyar bakinta ta zauna a jiƙe. Bara wani baƙo ya zo da kwalbar 1977 da mahaifinsa ya bar masa, tana tsaye shekara da shekaru a kabad ɗin kicin kusa da murhu. Da na taɓa toshiyar sai ta ruguje kamar busasshen burodi. Shugabanmu ya sansana sau ɗaya, ya ajiye kofin bai ce komai ba.

Wani kuma ya sayi wata irin giyar Port da ake kira Tawny, mai shekara 20, wai zai ajiye har ranar auren ɗansa da ke goye. Ita wannan a ganga ta yi tsufanta ta gama, zaman kwalba ba zai ƙara mata komai ba. An gaya masa, ya ce ai a jarida ya karanta cewa duk giya da tsufa take kyau.

Naku,
Wani mai karatu daga Vila Nova de Gaia, Fotugal